Tampol ɗin Maccido

Akwai wata mata a Taloka, Asabe, wadda ko mai gishiri ya hango ta a kasuwa sai ya gyara zama. Ba a cin ta a ciniki.

Mijinta Maccido ya rasu ya bar mata irin albasa. Tun da aka saki ruwan dam na Goronyo yake zaɓen ƙwayoyin da hannunsa, shekara bayan shekara. Ta jera su a rumfa, ta lulluɓe da tampol ɗinsa na roba.

Ran nan Simeon, malamin gona, ya biyo. Ya goga yatsa a jikin tampol, yatsan ya fito fari fat.

"Inna, kin ga garin ga? Robar ce. Rana ta cinye ta."

"Rana baki gare ta?"

"Cikin haskenta akwai wanda ido bai gani, shi ka cin roba." Ya buɗe lanƙwasar gefe, inda rana ba ta taɓa shiga ba. Shuɗi ne shar, saman kuwa kamar toka. "Haka muke aunawa. Wanga ba shi tare ruwa."

Asabe ta gyara mayafi. "Wane mai shago ya aiko ka, ɗana? Mi yac ce zai ba ka? Maccido da kainai yas sawo shi Achida. Kayan zamanin da ba irin na yanzu ba ne."

"Ko ciyawa ki aza bisa, Inna."

"Gaida gida."

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Ta leƙa daga ɗaki, ta ga tampol bai motsa ba, ta koma ta zauna. Ba ta san ruwa na tsiyaya ta cikinsa kamar rariya ba.

Bayan kwana tara wari ya kai ta rumfar. Ta kama gefen tampol, ya yage a hannunta. Ta durƙusa tana tono, ko za ta samu ƙwaya goma masu kyau. Duk wadda ta ɗauka sai ta narke.

Maƙwabciyarta Turai ta same ta a nan.

"Ki yi haƙuri, Yaya, iri na nan kasuwa."

"Na kasuwa na nan," in ji Asabe. "Nashi ne babu. Yau na san Maccido ya mutu."

Darasi: Ƙaunar mamaci ba ta hana kayansa tsufa, kuma ba duk mai faɗa muku gaskiya ne ke neman aljihunku ba. Ku goga yatsa a tampol ɗinku tun kafin hadari. Ku tura wa masu taurin kai irinmu.