Tambayar da Mai Gasa Burodi Ya Kai Gaban Shehi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rufa asirin bayinSa. Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai tsantseni, kogi a fagen fiƙihu, mai yawan azumi da ƙarancin magana, wanda bai taɓa kunyata mai tambaya ba komai nauyin tambayarsa.

Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da wani mai gasa burodi, wanda ya daɗe da aure ba haihuwa, mahaifiyarsa kuwa ta ɗora laifin kacokan a kan matarsa, kullum maganarta ɗaya: "Ɗan nan, ka sallami yarinyar nan ka huta." Shi kuma bawan Allah ya san abin da ya sani. Maniyyinsa ya ragu ƙwarai, ya tsinke kamar ruwa, wani lokaci ma ya ji zuwansa amma bai ga komai ba, sai daga baya ya ga fitsarinsa ya yi fari-fari. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai ɗirkar maganin maza da aka kwaɓa da zuma, wanda yake ɓoyewa a kwalba bayan buhunan fulawa. Da matsin ya yi yawa, ya ƙudurta zai saki matar da ba ta taɓa yi masa ko kallon banza ba, don dai asirinsa ya rufu. Kai, jama'a, dubi wauta!

Da hantsin ranar da ya yanke shawara ya biyo ta wurin Shehi, ya jira masu karatu suka watse, ya durƙusa kansa a ƙasa.

"Allah Ya gafarta Malam, wani abokina ne ke tambaya. In abin ya zo ɗan kaɗan, tsinkakke, wanka ya wajaba a kansa?"

Shehi ya ce, "Ya wajaba, saduwar ma kaɗai ta isa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa abokin naka, ƙishirwar da ke damunsa ba ta zafin tanderu ba ce. Ya ajiye kwalbar zumar nan, ya je wurin likita. Kalmar da ya shirya faɗa wa iyalinsa yau kuma, ya haɗiye ta, baiwar Allah ba ta da laifi."

Subhanallahi! Ba mahaluƙin da ya san da kwalbar, balle niyyar sakin. Mai burodi ya fashe da kuka, ya roƙi addu'a. Shehi ya ce, "Addu'a muna yi. Amma ilimin jiki Allah Ya ba wasu bayinSa, je ka gare su."

Likita ya gwada jininsa da fitsarinsa, ya bayyana masa cewa irin wannan canji yakan zo daga ƙwayar cuta a mafitsara ko maraina, ko toshewar hanya, ko ƙarancin sinadarin maza, ko wasu magungunan da mutum ke sha. Nasa kuwa ciwon suga ne ya raunana jijiyoyin bakin mafitsara, har maniyyin ke komawa ciki maimakon ya fito, zumar nan kuma ƙara masa wuta take yi.

Daga asibiti ɗakin mahaifiyarsa ya wuce, ya ce, "Inna, matsalar daga gare ni take, ba daga ita ba." Tsohuwa ta miƙe, ta tafi da ƙafarta har ɗakin surukarta, ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini."

Ya riƙe magani, ya kiyaye abincinsa, bayan doguwar jinya Allah Ya azurta su da ɗiya mace, kakar ce ma ta fara goya ta.

Wannan kaɗan ne daga falalar Shehinmu. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka amfane mu da albarkarsa, Ka kare mu daga zaluntar wani don rufa aibinmu. Amin.