Farar Ƙasar da Aka Hana Hanya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙasar Doguwa, helman leburori ne, wato shugabansu, lokacin da ake shimfiɗa hanyar da ta tashi daga ƙauyensu zuwa babban titi. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da dangi.

Hanyar ta ratsa wata fadama mai baƙar laka, wadda da rani take tsagewa, da damina ta kumbura. Injiniya ya ce sai an cakuɗa lakar da tokar ɓuntun shinkafa da farar ƙasa, a daɓe, sannan ta iya ɗaukar mota. Ya damƙa wa mutumin nan kayan, ya wuce wani aikin.

Me helman ya yi da amanar? Toka ya kwashe zuwa gonarsa a matsayin taki. Farar ƙasa kuwa ya shafe gidansa da ita, ciki da waje, har katangar zaure. A duk garin babu gida mai haske irin nasa, ya riƙa zama a ƙofa yana karɓar yabo.

Wani lebura, Ubale, ya ce, "Helma, nan fa ba a zuba komai ba."

Ya ce, "In an shafa kwalta, wa zai tona?"

Ya manta da Wanda ba ya buƙatar tonawa.

Damina ta sauka. Masararsa ta yi kyau ƙwarai. Hanya kuma ta fara lotsawa a daidai fadamar nan. Ran nan da hantsi haihuwa ta zo wa 'yarsa Hasana da gardama, aka ɗauko ta a mota za a kai ta asibitin Tudun Wada. Mota ta nutse har gindi. Uban ya cire riga ya shiga tura, yana tona lakar da hannunsa. Baƙa ce wuluk, babu ɗigon fari a cikinta, kuma ya fi kowa sanin dalili. A nan rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta.

Masu ta'aziyya suka zauna jingine da katangarsa. Duk wanda ya tashi, sai ka ga bayan rigarsa fari fat. Shi kuwa helman yana kallo.

Ya 'yan uwa, aikin da aka binne ma amana ne, kuma ba ka san wanda zai bi ta kansa ba. Allah ya kiyaye mu da ha'incin da ido ba ya gani, ya tsare 'ya'yanmu daga abin da hannayenmu suka rufe. Amin.