Gizo Sankira da Randar Ƙoƙi

Kai Barau, rufe mini baki! Tun ɗazu ka cika gida da "an ce, an ce". An ce tunkiyar Malam Jatau ta faɗa rijiya, ka gani da idonka? Ba ka gani ba. Ga tunkiya can tana cin harawa, kai kuwa ka sa uwarka ta fita ba mayafi. Ku yaran yanzu bakinku ya fi ƙafarku sauri. Zo nan ka zauna inda hannuna zai kai. Ke Delu, janye ƙafarki daga murhu. To, ga ta nan, ga ta nan gare ku.

"Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka."

Wani gari ne a tsakiyar teku, ana ce masa Tsibirin Kwakwa. Garin akwai zafi, ko sabon jariri ba a lulluɓa masa zane. Mutane da dabbobi tare suke zaune, kuma sana'arsu biyu ce. Maza su kama kifi, mata su dafa ruwan teku su fitar da gishiri, su shanya shi a tabarmi bisa rairayin bakin ruwa. Shi kuwa ruwan teku ba irin na tafkinku ba ne. Yana zuwa yana komawa. Wata rana ya tsaya can nesa, wata rana ya hau har gindin itatuwa. Kada wanda ya tambaye ni dalili, haka Allah ya yi shi.

Saboda haka aka kafa wani turke a cikin ruwa, aka yi masa tsaga uku. In da sassafe ruwa na tsagar ƙasa, a yi shanya. In yana ta tsakiya, a ja tabarmi baya. In ya taɓa ta sama, ranar ba mai fitar da gishiri. Aikin sankira ne ya shiga ruwa har turken ya duba, ya zo kasuwa ya ɗaga ƙafarsa kowa ya ga a jiƙe take, sannan ya buga kuge ya faɗi labarin gari. Sankira mai busasshiyar ƙafa ba a sauraronsa. Ladansa kuwa, duk kwalekwalen da ya dawo, kan babban kifin ciki nasa ne.

Zalɓe ne ya daɗe yana wannan aiki, har sanyin ƙashi ya kama shi ya ajiye. Gizo kuwa ya daɗe yana kallon kawunan kifin nan yana haɗiyar yawu. Sai ya tafi wurin Kunkuru, Sarkin Ruwa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Kunkuru ya ce, "Gizo, ka iya shiga ruwa?"

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, Zalɓe da ƙafa biyu ya yi aikin nan. Ni takwas gare ni."

Kunkuru ya ƙirga, ya ga takwas ɗin ne. Ya miƙa masa kuge.

Washegari Gizo ya tafi bakin teku. Tafiyar da nisa, ruwan da sanyi. Yana isa turke sai Ƙaguwa, wadda gidanta ke gindin turken, ta fito ta ce, "Maraba da sabon sankira," ta ba shi hannu. Kun dai san hannun Ƙaguwa, in ya matse ba ya saki. Gizo ya dawo yana ɗingishi, yana cewa a ransa, shi da turken nan sai dai a lahira.

Da gari ya sake wayewa, Gizo ya fito tsakar gida yana miƙa, sai idonsa ya faɗa kan randar Ƙoƙi matarsa. Ita Ƙoƙi ba ta wasa da randarta. Kullum sai ta wanke ta, ta turara ta da kajiji, ruwan ya yi sanyi ya yi ƙamshi. Gizo ya duba hagu, ya duba dama, ya buɗe faifai, ya tsoma ƙafa biyu. Ya nufi kasuwa yana ɗiga.

Ya ɗaga ƙafa, kowa ya gani. Ya buga kuge. "Jama'a ku saurara! Ruwa na tsagar ƙasa, a yi shanya. Agwagwa ta ƙyanƙyashe bakwai, suna ranar Laraba. An tsinci filafilin kwalekwale a bayan kasuwa, mai shi ya zo da shaida."

Ranar ruwa bai hau ba. Gizo ya ci kan kifi huɗu, ya kwanta a inuwar kwakwa.

Ƙoƙi ta sha ruwa ta ce, "Maigida, yau ruwan randar nan wani iri nake jin sa."

Gizo ya ce, "Bakinki ne."

Rana ta biyu ya buɗe faifai, ya tsoma ƙafa, ya tafi kasuwa. "Jama'a ku saurara! Ruwa na tsagar ƙasa, a yi shanya. Biri ya faɗo daga kan kwakwa, ya ce da gangan ya yi, kada kowa ya je dubiya. Mai filafili har yanzu bai zo ba."

Da rana ruwa ya matso ya lashi bakin tabarmi. Mata suka ja da gudu, suka zo suna faɗa.

Gizo ya ce, "Ni dai na faɗa. Ruwan ne bai ji shela ba."

Da la'asar sai ga Ƙaguwa ta iso ƙofar gidansa, tana tafiyar nan tata ta gefe. Ta ce, "Sankira, kwana biyu ban gan ka a turke ba. Wata ya kusa cika, ruwa kullum ƙara hawa yake."

Gizo ya ɓoye hannuwansa a baya ya ce, "Ina zuwa, kina barci ne."

Ƙaguwa ta ce, "Ba na barci."

Gizo ya ce, "To kina ƙyaftawa."

Ƙoƙi kuma ta sha ruwa ta ce, "Maigida, yau har da yashi a randar."

Gizo ya ce, "Idonki ne."

Rana ta uku ya buɗe faifai, ya tsoma ƙafa. Yana rufewa sai ga Ƙoƙi ta fito daga ɗaki da ƙwarya a kai. Ta ce, "Har ka dawo daga turke? To gaya mini kafin ka gaya wa gari. Gishirin nan wata uku nake dafa shi, hayaƙi ya cinye mini ido. Yau nake so in shanya shi duka, jibi kwalekwalen kasuwar ƙetare zai tashi. Shi ne hatsinmu na damina. Ruwa na ina?"

Gizo ya dubi ƙwaryar. Ya tuna maganar Ƙaguwa. Ya tuna nisan turke. Ya tuna in ya ce bai je ba, yau ba kan kifi. Sai ya ɗaga ƙafa ya ce, "Ba ki ga a jiƙe take ba? Tsagar ƙasa."

Abin da ya faɗa a kasuwa ke nan. Mata suka ga Ƙoƙi, matar sankira da kanta, ta shimfiɗa tabarma goma a bakin ruwa, sai kowa ta fitar da nata. Rairayi ya yi fari fat. Suka koma gida ɗora tukunya.

Rana na tsaka ruwa ya zo. Bai yi gudu ba, bai yi ƙara ba. Ya hau tabarmi, ya wuce su, ya je ya taɓa gindin kwakwa, ya koma. Teku ta karɓi kayanta. Ko na miya ba a tsira da shi ba.

Aka taru a ƙofar Sarkin Ruwa. Mata na kuka.

Kunkuru ya ce, "Gizo, ka je turke yau?"

"Ranka ya daɗe, kowa ya ga ƙafata."

"Ka wanke ta tun da ka fito daga teku?"

"Ko kusa. Ga ta nan yadda na fito da ita."

Sai tsoho Zalɓe ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙafar da ta shiga teku, ko ta bushe gishiri na nan a kanta. A kira Akuya."

Kun san Akuya da gishiri, ko a bango ta ji shi sai ta lashe bangon. Ta zo ta lashi ƙafa ta fari, ta ce, "Babu." Gizo ya ce ba ita ba ce, ya miƙa wata. Ta lasa ta ce, "Babu." Ya yi ta miƙowa har takwas ɗin suka ƙare. Akuya ta tsaya tana tanɗar baki, ta ce, "Ranka ya daɗe, shida ƙura ce zalla. Biyu kuma ruwan randa ne, mai kajiji. A garin nan mace ɗaya ce ke turara randa haka."

Kowa ya juya ya dubi Ƙoƙi.

Ƙoƙi ta ce, "Randata?"

Gizo ya ce, "Yatsu kawai na sa."

Ƙoƙi ta ce, "Kwana uku ina shan ruwan ƙafa, kana ce mini bakina ne."

Kunkuru ya karɓe kuge ya miƙa wa Ƙaguwa. Ita kafin ta iso kasuwa hantsi ya dubi ludayi, amma abin da ta faɗa shi ne. Sannan Kunkuru ya ce, "Tunda turke ya yi wa Gizo nisa, a kai shi kusa."

Aka ɗaure shi da igiya a kugu a jikin turken, wata uku cur, daidai kwanakin da Ƙoƙi ta yi a bakin murhu. Kullum ruwa ya hau shi ya sauka, igiya ta jiƙe ta bushe tana ƙara matsewa. Kullum da safe Ƙaguwa ta fito ta ba shi hannu. Kwalekwale na wucewa da manyan kifaye, yana kallo, ba mai jefa masa ko ƙaya.

To Barau, buɗe kunnenka. Abin da ba ka je ka gani ba, kada ka buɗe baki ka ce ka gani, don wani zai ɗora abincin gidansa a kan maganarka. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ba wanda aka taɓa duka a kan haka.

Shi dai Gizo da aka kwance shi, kugunsa ya tsinke saura kaɗan, ƙafafunsa gishiri ya cinye sun zama kamar tsinke, kuma haka ya zauna har yau. Ya koma gida, Ƙoƙi ta ce ta yarda ya shigo, amma ba shi ba randarta. Shi ya sa kuke ganinsa a lungun ɗaki, can sama da randa, yana leƙen ruwa. Da ya fara saukowa sai tsintsiya.

Ƙungurus, na sare kan kusu na ajiye. Kowa ya tashi ya wanke ƙafa, kuma wanda na gani kusa da randata zai yi bayani.