Mai Tumbin da Ya Haɗiye Fili

An yi wani hakimi a Gangaren Marke da ya sayar da filin wasan yara a ɓoye. Da azumi ya kai goma, yara suka fito tashe da sabuwar waƙa: "Mai tumbi ya haɗiye fili, har da turakun raga!"

Washegari dogarai suka tattaro yaran. Gwaggo Tabawa mai ƙosai, wadda jikokinta ke ciki, ta biyo su fada.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ai dokar ƙasa ta ba yaro bakin faɗin abin da ya dame shi."

Hakimi ya ce, "Ba ta ba shi bakin zagin manya ba. Faɗi wanda suke nufi. In kin ambaci babba, kin yi zagi. In kin yi shiru, su sha bulala."

Ta ce, "Allah ya taimake ka, suna kam ban sani ba, amma yaran sun ba ni alamarsa: duk garin nan shi kaɗai waƙar ke ɓata wa rai. Na zaga gari, kowa dariya yake yi. Fada ce kawai ban duba ba."

Ta ɗago kai tana bin fuskoki. Nan take fadawa suka hau ƙyaƙyata dariya. Da idonta ya iso kan hakimi, sai ya washe baki.

Ya ce, "Ni ai waƙar daɗi take mini!"

"Alhamdu lillahi! Yara, hakimi na so. Ku maimaita masa, ku ɗaga murya!"

Har tafi ya yi musu, gumi na keto masa.