Manomi da Tawadar Allah

Akwai wani manomi da aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata suna Afiniki. Da aka yi mata wankan fari, sai ga baƙin tabo shimfiɗe a bayanta, daga kafaɗa har ƙugu, da gashi lufluf a kai.

Matan da suka zo barka kowacce ta zama likita. Wata ta ce uwar ta kwanta a kan fatar akuya tana da ciki, wata ta ce naman biri ta ci. Kakar yarinyar ta kore zancen, ta ce, "Ku rufa mana baki. Tawadar Allah ce."

Kalmar nan ta yi wa manomin daɗi ƙwarai, har ya riƙe ta fiye da kima. A ganinsa, abin da Allah ya zuba wa tawada ba mai ikon duba shi, balle a kai wa likita.

Afiniki ta yi shekara shida tana tsalle-tsallenta lafiya lau. Ran nan uwarta tana cuɗa mata baya, sai ta ji wani ƙullutu kamar ƙwayar wake a cikin tabon, yarinyar kuma ta ce yana mata ƙaiƙayi. Uwar ta ce, "Baban Afiniki, mu kai ta asibiti."

Ya ce, "Wane ni in gyara wa Allah rubutu?"

Ta ce, "Wa ya ce ka gyara? In an aiko maka da wasiƙa, a ƙarƙashin tabarma kake turawa, ko mai karatu kake nema?"

Bawan Allah ya je ya ɗauko hularsa, suka kama hanyar asibiti.

Likita ta duba, ta ce irin wannan tabo ba laifin uwa ba ne, ba ya yaɗuwa ga wani, yawancin masu shi kuma lafiyarsu ƙalau. Sai dai in yana da girma haka, wani lokaci yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Ta ce su kula in ya canja launi, ko ya yi ƙullutu, ko ƙaiƙayi, ko jini, su kuma kare shi daga zafin rana. Aka cire ƙullutun, aka gwada, aka tarar ba mugu ba ne. Manomin ya yi ta murna, a hanya ya saya wa Afiniki rake har sanda biyu. Tun daga nan shi ne sarkin dubawa, har yarinyar takan ce, "Baba, ai jiya ma ka karanta!"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, jikin kowannenmu aikin hannun Ubangiji ne. Yaro mai tabo ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma abin tsokana ba, ku yara na baya ina ganinku. Amma bangaskiya ba ta ce mu rufe ido ba. Shi wanda ya ba mu 'ya'ya, shi ya ba likita sani. Ni dai abin yana ba ni tausayi in ga uba yana kiran tsoronsa dogara ga Allah. In akwai abin da ka daɗe kana gudun dubawa a gidanka, ka je ka duba shi yau, tun yana ƙarami.