Takwarar Jikata

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan haka! Yau ba labarin Gizo na kawo ba, na jikata ne, kuma sai kun raba mana gardama kafin ranar suna.

Ranar da naƙuda ta kama 'yata Marwa, likitan garinmu ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga kwanciyar abin da ke cikinta. Ya kunna na'urar hoton ciki, ta yi ƙyaf ta ɗauke. Ashe faifan da ke riƙe da manhajarta ne ya ƙone. Ga ruwa ya cinye gadar birni. Babu halin kai ta can. Aka ruga shagon gyaran kwamfuta na wasu ƙawaye uku, Saudatu da Ramlatu da Turai.

Saudatu tana da wata ɗabi'a: duk na'urar da ta shigo hannunta sai ta kwafe faifanta ɗungurungum ta adana. Ƙawayen har tsiya suke mata, wai ta fi tsohuwa tara komatsai. To bara ta taɓa duba wannan na'ura, kuma kwafin yana nan lafiya lau.

Sai dai kwafin ƙato ne, kuma duk garin babu sabon faifai, sai wani ɗan filas, irin ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, da bai kai yatsana ba. Ramlatu ta zauna ta yayyanka kwafin gutsi-gutsi, ta matse kowane gutsure kamar mai danna auduga a buhu, har ya shige tsaf.

Murna ta so ta koma ciki, don na'ura ba ta karanta abin da aka matse, wurin warware shi gaba ɗaya kuma babu. Marwa kuwa sai salati take. Turai, 'yar gajeruwa mai bakin tsiya, ta ce, "Ku ba ni wuri, Inna!" Ta haɗa wata 'yar manhaja ta tsayar a tsakani. Duk gutsuren da na'ura ta nema, sai ta warware shi nan take ta miƙa mata, da an gama da shi ta ɗauko na gaba.

Allo ya kawo haske! Likita ya duba ya ce, "Jaririyar a gicciye take, a shiga da uwar ɗakin tiyata yanzu!" Ba a jima ba muka ji kukan jaririya. Na rangaɗa guɗar da har masu gadi suka sheƙo a guje.

Don murna, uban yarinya ya rantse a gaban jama'a zai sa mata sunan wadda ta cece ta. Ya rantse kafin ya yi tunani, ga shi yanzu ya kasa cin tuwo. Ba don Saudatu ba, da babu abin matsewa. Ba don Ramlatu ba, da kwafin bai shiga filas ba. Da ba Turai kuwa, da yana ciki a dunƙule, mu muna waje muna kuka.

Rago dai yana ɗaure, liman yana jira, jaririya kuma ɗaya ce. To ku faɗa mini, sunan wa za a raɗa mata?