Gemun Auduga a Gaban Alƙali

An yi wani mutum a wani gari mai suna Cindo, wanda ba shi da sana'a sai kwaikwayon mutane ranar kasuwa. Yakan liƙa gemun auduga, ya sake murya, jama'a su yi ta dariya. Wanda ya fi iya kwaikwaya shi ne marigayi Nomau, Sarkin Maƙera, tsoho mai ɗingishi da faɗa, wanda a da kullum yakan kira Cindo ya ba shi fura.

Jatau, ɗan marigayin, ya ji labari, ransa ya ɓaci, ya kai ƙarar Cindo gaban Alƙali. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, maƙaryaci ne. Yana cewa shi ne ubana, yana wasa da mamaci. A kore shi daga garin nan."

Kora kuwa babbar masifa ce ga Cindo, domin nan aka haife shi, bai san wani gari ba.

Alƙali ya ce, "Ƙarya ba ta tabbata sai da wanda aka yaudara. Jatau, kawo mini mutum ɗaya da ya zaci mahaifinka ne ya taso daga kabari." Jatau ya duba hagu da dama, bai samu ba.

Alƙali ya ce, "Saura zancen wulaƙanci, kuma ba na hukunci a kan abin da ban gani ba. Cindo, liƙa gemunka."

Cindo ya liƙa gemun. Ya ɗingisa taku uku, ya yi tarin nan biyu da tsohon kan yi kafin ya yi magana, ya dubi Jatau ya ce, "Kai, Jatau! Ƙarfe ya yi ja kana kallon tsuntsaye? Zo ka ci tuwo tukuna, ja'iri."

Ba wanda ya yi dariya. Jatau ya durƙushe yana hawaye, domin shekara huɗu ke nan yana neman muryar nan a ransa, ta ɓace masa.

Alƙali ya ce, "A ganina kwaikwayo ɗan'uwan koyi ne, kuma mutum ba ya iya koyi da wanda bai zuba wa ido da ƙauna ba. Ana ce masa wasa domin mai yi da mai kallo duk sun san gemun na auduga ne. Wannan ɗan wasa ne, ba maƙaryaci ba. Cindo, tafi gida."

Cindo ya faɗi yana godiya. Washegari Jatau ya zo ƙofar gidansa da sandar mahaifinsa, ya miƙa masa ya ce, "Malam Cindo, riƙe. Ɗingishin Baba ba ya cika sai da ita."

Maƙaryaci ɓoye gemun audugarsa yake yi don ya raba ka da gaskiya, ɗan wasa kuwa a fili yake liƙa nasa don ya maido maka da abin da ka manta.